Ɗan Kawuna da Gafakar Mahauci

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Wannan karon kiran ya zo kan ɗan kawuna, taubashina, wanda mutanen Talatar Mafara suka fi sani da Malam na ɗakin karatu. Ya girme ni da 'yan shekaru. Ya rasu a gidansa bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba, aka yi masa sutura da hantsi.

Kwanakin zaman makoki a zaure na yi su, kusa da babban ɗansa, muna karɓar gaisuwa. Tsofaffin ɗalibansa sun zo cikin motoci daga Gusau da Sakkwato da Zariya. Dattawa sun zo a bayan babura daga Bakura da Faru da Damaga, wasu sai an kama su suke saukowa. Ɗaya daga cikin ɗaliban, wanda yanzu shi ke shugabantar sashen koyar da aikin laburare a wata jami'a, ya gama addu'a ya kasa tashi. Ya ce da ni, "Baba, mun sha yi masa dariya a bayan ido. Yau abin da yake faɗa mana shi ake kiran taro a kansa a ƙasashen waje, mu je mu zauna muna gyaɗa kai."

Wani tsoho daga Damaga da ke gefe bai san zancen taro ba. Cewa ya yi, "Ni dai shi na mutumen da yam maido min da littahin kakana bisa keke, cikin rana. Ko ruwa bai sha ba sai da yag ga na amsa."

Daga cikin gida kuma uwargidansa ta aiko 'yarta ta ce a cire ƙusar da ke bangon ɗakinsa, domin ba ta iya kallonta babu kome a kanta. A jikin ƙusar nan wata gafaka take rataye, irin jakar fatar da malamai ke sa littattafai a ciki. Ba tasa ba ce, ajiyar wani mahauci ce da ya ƙi karɓarta tun zamanin da ake gina dam ɗin Bakolori. Duk wanda ya zo gaisuwa sai hira ta kai shi ga gafakar nan, amma na lura jikokin marigayin ma ba su san asalin labarin ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Lokacin da aka fara aikin dam, Malam bai daɗe da dawowa daga kwas ɗin aikin laburare ba. Aka ba shi wani ɗan ɗakin karatu a Mafara, mai rufin kwano da daɓen siminti. Ya dawo da akwatin katuna da hatimi da son tsari wanda ya kusa zama ciwo. Ko a gida, in ka ɗauki buta ka ajiye ta ba inda ka same ta ba, sai ya tashi ya gyara yana kallonka. A lokacin abin da ake koya wa masu wannan aiki ke nan, kuma a kansa suke rubuta bincikensu: yadda za a raba littattafai fanni fanni, a ba kowane lamba, a rubuta masa kati.

Sai aka ce wa ƙauyukan ƙasar Maradun da ke cikin kwari su tashi, ruwa zai cinye wurin. Mutane suka kwashe abin da za su iya, suka nufi sabbin matsugunan da ko rumbu ba a gama ɗaurawa ba. Damina na tafe. Wanda ke da littattafan gado ya rasa inda zai sa su, sai labari ya bazu cewa akwai ɗaki mai kwano a Mafara, kuma ɗan gidan mutunci ke riƙe da shi. Suka yi ta kawo gafakoki. A wurinmu ba a rubuta ajiya. Mutum zai gaishe ka, ya tambayi iyali da gajiya da ruwa, sannan ya ce, "Ga wagga, ka aje min." Ka ce, "Allah shi tsare." Magana ta ƙare.

A shekarar na zo hutu daga Sudan inda nake karatu. Ya ja hannuna zuwa ɗakin tun ban huta ba.

"Taubashi, kai da kac ce ka ga duniya, zo ka ga aiki," in ji shi. "Fikihu nan. Nahawu nan. Waƙoƙin wa'azi can. Ko makaho ya shigo ya san inda za shi."

Ya zare littattafan duka daga gafakokinsu ya jera su a kanta, kowane fanni da wurinsa. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake, ɗaya bisa ɗaya, don haka gafaka guda takan ɗauki littafi uku ko huɗu da guntayen wasu. Shi kuwa ya raba kowane ya kai shi wurin 'yan'uwansa. Gafakokin da babu kome a ciki ya tara su a lungu. Warƙoƙin da ba su da farko ba su da ƙarshe, ba sunan littafi ba sunan mai shi, ya zuba su a kwali ya ajiye a ƙasa kafin ya samu lokacinsu. Aikin ya yi kyau a ido. Irinsa na gani a manyan ɗakunan karatu na Khartum, kuma na faɗa masa haka.

Bayan kaka mutane suka fara dawowa. Na farkonsu wani manomi ne, ya ce ya zo karɓar ajiyarsa.

Malam ya jawo akwatin katuna ya ce, "Mi as sunan littahin?"

Mutumin ya ce, "Suna? Na kakana na."

"To mi ac ciki? Fikihu ko tauhidi?"

"Malam, ni ban buɗe ta sai ranar suna ko ranar mutuwa. Jar hwata ta, da igiya baƙa. Abin da ac ciki shi ac ciki."

Malam ya ba ni labarin nan da bakinsa sau da yawa. Ya ce a nan ya gane ɓarnar da ya yi. Ya waiwaya ya ga jar gafakar a lungu, ya dubi kanta, ya san bai san wace warƙa ce ta fito daga cikinta ba. Mutanen nan ba da suna suka san littattafansu ba, da gafaka suka san su, da wanda ya bari, da yadda ya bar su a jere. Gonakinsu da kushewun iyayensu suna ƙarƙashin ruwa. Abin da suka tsira da shi ke nan, shi kuma ya gauraya shi da kyakkyawar niyya.

Bai ɓoye ba. Wannan halinsa ne har ya mutu: in ya yi kuskure shi ke fara faɗa, da ƙarfi kuma, har mai jin haushi ya rasa abin cewa. Ya ɗaura kwali a bayan keke ya shiga bin sabbin ƙauyuka. Sai a shimfiɗa tabarma a inuwa, ya baza warƙoƙi, dattawa su kewaye. Wannan ya gane hannun malaminsa. Wancan ya gane tabon ruwan da ya taɓa zuba a ɗakinsu na da. Wata tsohuwa ta shinshina ta ce na gidansu ne, domin a saman murhu ake rataye shi. Wani lokaci a yi gardama har a tashi ba a rabu ba, ya sake dawowa. Shekarun nan ba na kwanciyar hankali ba ne. Katafiloli na baje gonaki, zukata sun ɓaci, kuma kisan da aka yi wa manoman da suka yi bore a ƙarshe ba sai na tuna wa mutanen ƙasar nan ba. A cikin haka yake yawo da kekensa, har ya mayar wa kusan kowa da nasa.

Sai mutum ɗaya. Mahauci ne, ɗan ɗaya daga ƙauyukan da ruwa ya ci, ya dawo Mafara yana sana'a a kasuwa. Mahaifinsa ba malami ba ne. Da tsufa uban ya koyi rubutu, ya zauna ya kwafe wa kansa abin da yake bukata na salla da addu'o'i, da hannun da ya saba da wuƙa ba da alƙalami ba. Ba suna, ba farko, ba ƙarshe. Saboda haka warƙoƙinsa cikin kwalin nan na ƙasa suka tafi, kuma su ne a can ƙasan kwalin. Kafin Malam ya kai gare su gara ta huda siminti ta cinye fiye da rabi.

Ya tattara abin da ya saura ya sa a gafakar, ya same shi a rumfarsa ranar kasuwa. Ina tare da shi. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan Malam ya faɗi abin da ya faru bai rage kome ba, ya miƙa da hannu biyu.

Mahaucin ya goge hannunsa a zane, amma bai miƙo shi ba. Ya ce, "Malam, cikakka nib ba ka."

"Haka na. Laihina na. Ka yahe min."

"Ban ce kai ɓarawo na ba. Amma cikakka nib ba ka, cikakka ni ka amsa. In nama ka ka so, ga shi."

Muka dawo da ita. A hanya na ba shi shawara. Malam yana da hannu mai kyau, kuma addu'o'in sanannu ne, na ce ya rubuta abin da ya ɓata ya cike gurbin. Ya yi wata da watanni yana yi, da tawadar gargajiya, a takarda mai kauri. Da ya kai, mahaucin ya ɗaga warƙa ɗaya ya daɗe yana kallo ko da yake ba ya karatu. Ya ce, "Rubutun ga ya yi kyau ƙwarai. Ubana bai iya mai kyau ba." Ya mayar masa.

Daga nan abin ya zama kamar al'ada. Duk shekara bayan babbar salla, lokacin da mahauta ke samun sarari, Malam zai saɓa gafakar ya je. Su gaisa, ya miƙa, a ƙi karɓa, ya sayi nama ya dawo. Ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba. Uwargidansa takan ce duk Mafara babu gidan da ke cin tsoka mai kyau irin nasu, domin mahaucin ba ya yarda ya ba shi ƙashi. Ni kuma nakan tsokane shi in ce, "Taubashi, anya ba don naman kake zuwa ba?" Sai ya ce, "Kai dai da ba ka aje kome ba sai fasfo, ci ka yi shiru."

Daga baya ya ƙaro karatu, aka ɗauke shi koyar da aikin laburare a wata kwaleji. Gafakar ta bi shi, ya buga mata ƙusa a ofis. Ɗalibansa sun ce darasin farko na kowace shekara iri ɗaya ne. Zai shigo da ita, ya ajiye a tebur, ya ba su labarin gara, sannan ya ce, "Kafin ku taɓa abin mutum, ku tambaye shi yadda ya san shi." Wasu su rubuta, wasu su yi hamma.

A gabansa salon bincike ya yi ta sauyawa. Da ya fara, kowane ɗalibi kan tsarin jera littattafai yake rubuta kundinsa. Sai aka koma kan bukatun masu karatu, kowa ya buga takardar tambayoyi ya raba wa 'yan ajinsu su cike. Sai kwamfuta ta zo, aka yi shekaru ana rubutu a kanta a makarantun da ko wuta ba su da ita. Sai intanet, sai waya. Malam bai ƙi ko ɗaya ba. Da furfurarsa ya zauna ya koyi kwamfuta, yana danna ta da yatsa guda kamar mai tsoron ta cije shi. Abin da ke ba shi haushi shi ne yadda ake sauya kan magana a bar tambayar yadda take. Yakan ce, "Da, tsarin littattafai a makaranta kaza. Yanzu, amfani da intanet a makaranta kaza. Hula suka sauya, kan yana nan."

Rigimar da aka fi tunawa da ita a kan wata ɗaliba ce 'yar Bakura. Ta ce tana son ta bincika yadda matan da ke aikin shinkafa a gonakin rani suke samun labarin ranar da za a sako ruwa a kanal, da wanda suke yarda da maganarsa, da abin da ke faruwa in labarin ya zo a makare. Kwamitin sashe ya ce wannan ba aikin laburare ba ne. Shugaban ya tambaya, "Ina littafi a cikin wannan?"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, a batutuwan naku da muka amince da su tun safe, ina mutum?"

Aka tashi ba daɗi. Ya ɗauki ɗalibar a hannunsa, ya raka ta gonaki har ta gama. Maganar ta ja masa, domin an daɗe ana tsallake shi wajen ƙarin girma. Ba zan ce duk laifin na wasu ba ne. Yana da taurin kai, ba ya iya sassauta magana a gaban manya, kuma kundin ɗalibi kan yi wata a teburinsa saboda sai ya karanta kowane layi. Ita ɗalibar ta zo gaisuwa, yanzu ita ma tana da jikoki. Ta ce abin da ba ta manta ba shi ne ranar da ya hana ta fito da takardar tambayoyi, ya ce ta fara taya matan cirar ciyawa tukuna.

Yawo ya kai ni wurare, kuma duk inda na je nakan leƙa inda ake adana tsofaffin takardu saboda shi. A Timbuktu na ga gidajen da ba sa yarda a raba sanduƙin littattafan kaka ko da za a ba su ɗaki mai sanyi. A Faransa na tarar masu adana takardun tarihi suna da tsohuwar ƙa'ida cewa abin da ya fito daga hannu ɗaya a bar shi tare, a jeren da aka same shi. Da na dawo na faɗa masa, ina tsammanin zai ji daɗi. Ya dube ni ya ce, "Ashe an sani. To mi ya hana su sa shi cikin kwas ɗinmu?" Sannan ya ƙara, "Ko da yake da na tambayi mai jar gafaka, shi ma ya sani."

Bayan ya yi ritaya sai ga yayi ya zagayo inda yake tsaye. Masu bincike suka fara zuwa da kyamarori suna neman littattafan gado su ɗauki hotonsu a sa a kwamfuta, kuma duk wanda suka tambaya sai ya turo su gidansa. Ya raka su ƙauyuka, amma da sharaɗi: a fara ɗaukar gafakar kanta, a ɗauki warƙoƙi a jeren da suke ko da a birkice ne, mai abin kuma yana zaune. Wata rana ɗayansu ya ga wadda ke rataye a ɗakinsa ya nemi ya ɗauka. Malam ya ce, "Ba tawa ba ce." Mutumin ya ce hoto ne kawai. Ya ce, "Na taɓa yi mata abin da ban tambaya ba. Ya isa."

Ganina da shi na ƙarshe yana kwance, ƙusar tana saitin idonsa. Na yi ƙoƙarin wasan da muka saba, bai karɓa ba. Ya kira babban ɗansa ya ce in ya mutu ba a karɓi gafakar ba, ya ci gaba da kaiwa duk shekara. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Taubashi, kai da ka iya harsuna, da wane zan yi bayani in an tambaye ni ajiyar mutane?" Na ce Allah Ya ga niyyarsa. Ya ce, "Allah Ya gani. Amma haƙƙin na mai shi na, sai shi ya sake ni."

Ranar jana'iza an fito da shi an ajiye a ƙofar gida, ana gyara sahu. Kamar yadda aka saba, babban ɗansa ya tashi ya ce duk wanda ke da wani haƙƙi a kan marigayi ya faɗa, iyali sun ɗauka. Galibi ba mai magana, sai a ce an yafe. Sai muka ji murya daga baya.

"Ina da ajiya wurinshi."

Mahaucin ne. Ya tsufa ƙwarai, ya daina fita kasuwa, ɗansa ne ya kawo shi a babur. Ya dogara sanda yana ratsa sahu, mutane na buɗa masa. Duk wanda ya san labarin ya sunkuyar da kai. Babban ɗan ya matso ya ce a hankali, "Baba, mun sani. Ya bar min wasiyya. Bayan an dawo zan kawo maka har gida."

"A'a, ɗana. Ba a kai shi da ita bisa wuya. Ɗauko ta yanzu."

Aka shiga aka ciro ta daga ƙusa. Liman na tsaye, jama'a na tsaye, rana ta fara zafi. Ɗan ya miƙa da hannu biyu kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi. Tsohon ya jingina sandarsa a jikina, ya goge tafukansa a riga, ya karɓa. Bai kwance igiyar ba. Ya riƙe ta a ƙirji ya dubi makarar ya ce, "Malam, na amsa. Ta cika."

Wani daga cikin danginsa ya ce, "Baba, ba ka duba ba."

"Na ce ta cika. Shekarun da yay yi shina ɗauke da ita sun hi abin da gara tac ci. Liman, bismilla."

Ya rataya gafakar a kafaɗa ya shiga sahu kusa da ni, da ita ya yi sallar.

Allah Ka karɓi ɗan kawuna kamar yadda aka karɓi ajiyar nan daga hannunsa, ba tare da an buɗe an ƙirga abin da ya ɓata ba. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba uwargidansa da 'ya'yansa haƙuri, Ka saka wa mahaucin da alheri. Mu da muka saura, Ka sa mu mayar da abin mutane tun muna iya miƙawa da hannunmu.